Sunan Mamaci: Ado Ne Ko Haƙƙi? Game Da Sojojinmu Na Zamanin Nasara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hukunta mutuwa bisa kowane mai rai, ya daidaita sarki da talaka a cikin likkafani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, a watan Oktoba na 2024 hukumomin ƙasarmu sun canza sunayen wasu tituna da dandali a birnin Yamai. Cikin wuraren da abin ya shafa har da ginin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya guda biyu. An raɗa masa suna da Zabarmanci, Bubandey Batama, aka ce daga ranar ya zama na dukan waɗanda suka rasa rayukansu, soja da farar hula, tun daga mulkin mallaka har zuwa yau. Canjin suna aikin yini ɗaya ne, allo da fenti sun isa. Tambayar da ke kwance ƙarƙashinsa kuwa ta daɗe ana jayayya a kanta a Landan da Paris da Dakar, kuma ta shafe mu: mutanen nan da aka kwasa daga garuruwanmu aka kai su yaƙin da ba nasu ba, suka mutu can, wane haƙƙi nasu ya rage a wuyan waɗanda suka kai su? Wane kuma ya rage a wuyanmu?

Alƙali ba ya hukunci sai ya ji da'awa, don haka bari mu fara da abin da ya auku.

A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta kafa hukuma ta musamman mai kula da kaburburan sojojin daularta, ƙarƙashin jagorancin wani mutum mai suna Fabian Ware. Hukumar ta ɗauki ƙa'idar da duk mai hankali zai yaba: kowane mamaci a rubuta sunansa, bisa dutsen kabarinsa in an san inda yake kwance, ko bisa bangon tunawa in ba a ga gawarsa ba. Duwatsun kuma su zama iri ɗaya, ba a bambanta janar da kurtu, ba a duba dukiya ko launin fata ko addini. Ba cikin sauƙi aka karɓi wannan ba. Akwai masu hali da suka so su ɗauko gawarwakin ƴaƴansu su kai gida, ko su gina musu abin da ya dace da arzikinsu, har maganar ta kai gaban majalisar Ingila a 1920, aka hana su. Duk wanda ya taɓa ganin hotunan maƙabartun nan na arewacin Faransa da Beljiyam ya ga fararen duwatsu jere kamar sahun salla, ba wanda ya ɗara wani.

Sai dai ƙa'idar ba ta ƙetare teku ba. A watan Afrilu na 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoton wani kwamitin bincike, wanda ya nuna cewa tsakanin mutum 45,000 da 54,000 na wancan yaƙi an tuna da su ba daidai da yadda aka tuna da Turawa ba, kuma aƙalla wasu 116,000, mai yiwuwa ma har 350,000, ba a rubuta sunayensu ba, wasunsu ma ba a tuna da su ta kowace fuska ba. Mutanen Afirka ne da Indiya da Misira. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya miƙe a majalisa ya ba da haƙuri. Rahoton ya tono wata magana ta 1923 daga bakin Guggisberg, gwamnan Ingilishi na ƙasar da ake kira Gana a yau, inda ya nuna wa hukumar cewa ɗan ƙasar ba zai fahimci dutsen kabari ba, ba zai kuma san darajarsa ba. Mu lura da waɗanda ake magana a kansu. Rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma da Hausa ake magana a cikinta, tushenta ma dakarun da ake kira Hausawa ne. Sojan da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a wannan yaƙi, a Togo cikin Agusta 1914, sunansa Alhaji Grunshi. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙi a Kamaru, sannan aka haye da su Afirka ta Gabas, inda masu dakon kayan soja fiye da 90,000 suka mutu a ɓangaren Ingila kaɗai, galibinsu da yunwa da ciwo da nauyin kaya. Abin da aka yi musu shi ne mutum-mutumin tagulla a Nairobi da Mombasa da Darussalam, ba sunan ko mutum ɗaya a jiki. Sai a Janairu 2025 aka buɗe wani wurin tunawa a birnin Kef na Afirka ta Kudu, inda aka kafa ginshiƙan itace, kowane da sunan mutum guda, na baƙaƙen ma'aikatan yaƙi fiye da 1,700.

Namu kakannin na wannan gefen iyaka Faransa ce ta ɗauke su. Tun 1857 Faidherbe ya kafa rundunar da ake kira tirayer na Senegal, sunan kuma ya bi duk baƙin sojan Faransa, ko daga Mali yake, ko Gine, ko Dahome, ko Nijar, ko Cadi. Wajen mutum 200,000 aka ɗiba a yaƙin farko, kimanin 30,000 ba su dawo ba. A nan dole mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa mai jin haushin Faransa daɗi ba: game da dutsen kabari, Faransa ta fi Ingila kyauta wa waɗanda suka mutu a ƙasarta. Dokar 1915 ta ba kowane sojan da ya mutu kabarinsa a kuɗin gwamnati, Musulmi kuma aka yi musu allon kabari mai jinjirin wata da tauraro. A Douaumont kusa da Verdun akwai kaburburan Musulmi 592 suna fuskantar alƙibla. Babban masallacin Paris da aka buɗe a 1926, don tunawa da Musulmin da suka mutu a yaƙin aka gina shi. A Chasselay kusa da Lyon, inda sojojin Jamus suka ware baƙaƙen fursunoni daga farare suka karkashe su a Yuni 1940, wani ma'aikacin gwamnati mai suna Jean Marchiani ya tattara gawarwakin ya kewaye su da jar ganuwa irin ginin ƙasashenmu, tirayer 188 ne kwance a ciki. Alheri ko daga wa ya fito, sunansa alheri.

Masu rai ne Faransa ta ci amanarsu. Bayan sojojin Afirka sun sauka gaɓar Provence a Agusta 1944 sun kori Jamus daga kudancin Faransa, sai aka janye baƙaƙen daga fagen daga cikin kakar wannan shekara, aka miƙa kayansu da makamansu ga samarin Faransa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, tsoffin fursunonin yaƙi da aka maido gida suka nemi a biya su bashin albashinsu, aka buɗe musu wuta da safe. Hukuma ta ce 35 ne suka mutu. A 2014 shugaba Hollande ya ce aƙalla 70. Masana tarihi, da kwamitin da Senegal ta kafa wanda ya miƙa rahotonsa a 2025, suna maganar 300 zuwa 400. Sai a Nuwamba 2024, shekara 80 bayan abin, shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan gilla ne. Waɗanda suka tsira da rayukansu kuwa, dokar Disamba 1959 ta daskarar da fanshonsu a inda yake, na abokan yaƙinsu Faransawa yana ta hawa. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, aka ba shi gaskiya a 2001 bayan ya riga ya rasu. Ba a daidaita kuɗin gaba ɗaya ba sai farkon 2011, lokacin da akasarin masu haƙƙin sun daɗe a ƙasa.

To, ga da'awa mun ji. Yanzu ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami, domin wani malami daga cikinmu zai iya cewa, kuma ba wauta ya faɗa ba: mu ina ruwanmu da dutse? Ɗalibin da ya karanta Risala ya san cewa makaruhi ne yin gini bisa kabari da shafe shi da farar ƙasa, akwai kuma hadisi mai hana rubutu a kansa. Wanda ya je Madina ya ga maƙabartar Baƙi'a, inda dubban sahabbai ke kwance ba allo ba suna. Maƙabartunmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa ma haka suka taso: tudun ƙasa, guntun itace ko fasasshen tulu, bayan damina biyu ko uku sai mai kabari ya gagara gane nasa. Mamaci ba ya jin daɗin marmara. Abin da ke isa gare shi addu'a ce da sadaka. In haka ne, ashe gwamnan nan na 1923 bai yi ƙarya ba ke nan? Ashe muna kuka ne don an hana mu abin da mu da kanmu ba mu so?

Wannan tambaya ta cancanci a zauna mata, ba a kore ta da hayaniya.

Farkon abin da za mu ce: wanda ya bar abinci don azumi da wanda aka hana abinci, cikinsu duka wofi ne, amma ɗaya ibada yake yi, ɗaya kuwa zaluntarsa ake yi. Mu mun bar ƙawata kabari ga kowa, sarki da bawa, don mun yi imani cewa ƙasa ba ta san sarauta ba. Gwamnan bai ce dutse banza ne ba. Ya yarda dutse daraja ce, ya ajiye ta ga waɗanda yake gani sun isa. Da girmama al'adarmu aka nufa, da an tambayi limaman rundunar ko iyalan mamatan, da kuma an adana littafin sunaye ko da ba a sassaƙa dutse ba. Abin da binciken ya gano shi ne, a wasu wurare an san inda kaburburan suke sarai, aka bar daji ya cinye su da gangan. Abin mamaki kuma, wanda ke cewa yana kiyaye al'adar mutane, da yawansu Musulmi, sai ga shi ya kafa musu mutum-mutumi, abin da Musulmi ya fi ƙyama nesa ba kusa ba fiye da allon kabari. An ba mu abin da ba mu nema ba, an riƙe abin da muke bukata.

Domin kuwa muna bukatar sunan. Musulunci bai damu da dutse ba, amma babu al'ummar da ta kai ta Musulmi tsare suna. Shahidan Badar 14 ne, kuma har yau ana karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya a littattafan tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A cikin jerin akwai Ubaidatu ɗan Harisu, ɗan dangin Annabi, akwai kuma Mihja'u, ƴantaccen bawan Umar, wanda aka ruwaito shi ne farkon wanda ya faɗi a ranar. Ba a ce Ubaidatu da wasu bayi ba. A Uhudu an rufe mutum biyu da uku a kabari ɗaya saboda wahalar ranar, Mus'abu ɗan Umairu bai sami mayafin da zai rufe kansa da ƙafafunsa tare ba, amma sunayen wajen mutum 70 ɗin nan ba su ɓata ba, kowa da ƙabilarsa. Da Usmanu ɗan Maz'unu ya rasu, Annabi da hannunsa ya ɗauko dutse ya aza wajen kansa don ya riƙa gane wurin. Da Umar ya kafa diwani na rabon kuɗin baitulmali, ƴantattun bayin da suka halarci Badar daidai ya rubuta musu da iyayengijinsu. Ba muna kwatanta yaƙin Verdun da Badar ba ne, Allah ya tsare mu da wannan. Muna nuna cewa mutumin da ya ce Musulmi bai san darajar a rubuta sunan mamacinsa ba, bai san Musulmi ba.

Akwai kuma abin da masu jayayyar Turai ba su cika ambata ba, alhali shi ya fi taɓa gidajenmu. A shari'armu labarin mutuwa hukunci ne ke rataye da shi. Matar da aka tabbatar mata mijinta ya rasu za ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ta fita, ta yi aure in ta so. A raba gado, marayu su san rabonsu, a biya bashin da ke kansa. Matar da mijinta ya ɓata kuwa, ba a san yana raye ko ya mutu ba, malamanmu na Malikiyya sun ce sai ta kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba. Dukiyarsa kuma ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Ku auna wannan da mutum dubu ɗari da ba a rubuta mutuwarsu ba. Kowane ɗaya akwai uwar da ta tsufa tana kallon hanya, akwai matar da ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba, akwai gonar da ƴan'uwa suka yi ta rigima a kanta. Magatakardan da ya ga ba sai ya ɓata tawada a kan ɗan dako ba, ya ɗaure gida guda shekara da shekaru bai sani ba. Don haka idan aka ce suna ado ne na Turawa, mu a wurinmu shaida ce, ɓoye shaida kuma kowa ya san matsayinsa.

Ƙin yarda na biyu ya fi na farko zafi, kuma mu mutanen wannan yanki ba mu da ikon kauce masa. Su wane ne suka riƙe wa Voulet da Chanoine bindiga a 1899? Turawan da ke cikin ayarin ba su kai goma ba. Hannayen da suka ƙone Lugu garin Sarauniya, suka yi ɓarnar Birnin Ƙonni, suka bar rijiyoyi cike da gawa a hanyar Tasawa, hannayen tirayer ne. Su ne suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini a ƙarshen Yuli na wannan shekara. A 1917, shekarar da dubban ƴan'uwansu ke faɗuwa cikin sanyin Chemin des Dames, wasu tirayer ɗin suna Agadas suna murƙushe tawayen Kawsan, aka kashe malamai da yawa a garin. An kai su Madagaska a 1947, an kai su Indocin, an kai su Aljeriya su yaƙi Musulmi masu neman ƴancinsu. A Thiaroye ma, cikin waɗanda aka kawo su kewaye barikin akwai baƙaƙen soja. To, mai tambaya ya ce, waɗannan ne za mu tsaya muna nema musu girma?

Amsarmu ita ce a raba abu biyu da aka saba cuɗewa: yi wa mutum adalci daban, yabon aikin da aka sa shi daban. Ba mu kira su shahidai ba, wannan suna ba a hannunmu yake ba, kuma ba Faransa ke bayar da shi ba. Ba mu kuma kira su maciya amana a dunƙule ba. Yawancinsu ba su kai kansu ba, an ɗora wa kowane sarki adadin samarin da zai kawo, wanda ya gudu a kama ubansa ko ƙanensa. Gaskiya ne malamai sun haɗu a kan cewa tilas ba ta halatta wa mutum kashe wanda bai ji ba bai gani ba, don ransa bai fi na wancan tsada ba. Wanda ya yi ɓarna a Ƙonni zai amsa tambayarsa, kaki ba zai kare shi ba. Amma wannan hisabi ne tsakaninsa da Ubangijinsa da waɗanda ya zalunta. Bai zama hujja ga wanda ya sa shi aikin ya hana shi lada ba, ko ya jefa gawarsa rami ya shafe sunansa. Wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ci guminsa, biya ya hau kansa. Kuma saurayin da aka kamo daga ƙauye a 1916 ya mutu da ciwon huhu cikin ramin yaƙi, ba shi ya ƙone Lugu ba, wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. An ruwaito cewa Annabi ya miƙe tsaye da aka wuce da makarar wani Bayahude, da aka yi masa magana ya nuna cewa ai rai ne. Idan wannan ya isa dalilin miƙewa, ya isa dalilin rubuta suna.

Duk da haka akwai tarko a cikin daidaitawar da ake nema, ya kamata mu gan shi. A 2024 Faransa ta ba mutum 6 daga cikin waɗanda aka kashe a Thiaroye lambar da ake ba wanda ya mutu saboda Faransa. Ku tsaya ku ji: harsashin Faransa ne ya kashe su, aka rubuta sun mutu saboda ita. Ousmane Sonko, yana firaministan Senegal a lokacin, ya mayar da martani cewa ba Faransa kaɗai ce za ta yanke adadin ba. Rubutun da ke bisa dutse yana magana da bakin wanda ba ya iya musu. Idan aka ce wa mutumin da aka ɗaure da igiya aka kai jirgi wai ya sadaukar da ransa don ƴancin wata ƙasa, an daidaita shi da Bafaranshe a tsawon dutse, an kuma ƙara masa ƙarya bisa zalunci. Abin da ya dace da shi kaɗan ne kuma ba ya bukatar ƙawa: sunansa, sunan ubansa, garinsu, yadda aka ɗauke shi, inda ya mutu da abin da ya kashe shi.

Sannan ina waɗanda ba su taɓa shiga kowane littafi ba? A Maijirgi kusa da Tasawa har yau ana nuna wurin kaburburan Voulet da Chanoine, waɗanda sojojinsu da kansu suka harbe su a Yuli 1899. Masu kisan an san inda aka sa su, an san sunayensu da ranar mutuwarsu. Mutanen Ƙonni da suka kashe kuwa, da matan da suka kora a gaba, da masu dakon da suka faɗi a hanya, sai dai a ce dubbai. Ta wannan fuska sabon sunan da aka sa wa ginin Yamai ya kama hanya, tun da ya shigo da farar hula cikin lissafi. Amma mu yi hattara. Kalmar "dukan waɗanda suka mutu" ita ma ba ta da suna a cikinta. In muka tsaya nan, mun yi irin mutum-mutumin Nairobi ke nan, illa dai namu da haruffa aka ƙera shi.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Lokacin da kumandan ya nemi samari, ba ƴaƴan fada aka fara miƙawa ba. Masana tarihin wannan runduna sun nuna cewa bayi da ƴaƴan bayi da marasa gata su suka fi yawa a ciki, musamman a farkon zamanin. Masu ƙafa suka tsallaka Katsina da Daura da Kano da Sakkwato har ƙura ta lafa, marar kowa aka tafi da shi. Bambancin da muke zargin Bature da shi a maƙabarta, a ƙofar fada ya fara. Waɗanda suka dawo kuma, mazan jiya, da yawanmu mun tashi mun iske su da lambobinsu a ƙirji, yara na kwaikwayon Faransancinsu ana dariya, ba wanda ya zauna da takarda ya ce: baba, su wa kuka tafi da su daga garin nan, su wa suka rage can? Ga maƙabartun garuruwanmu na yau, wasu ba katanga, dabbobi na ratsawa, ana zuba shara a gefensu, masu neman fili na ɗan ci daga baki-baki. Wanda ke neman Landan ta girmama mamatansa, ya kamata ya fara share tasa.

A maƙabartar soja ta Thiaroye akwai kaburbura 202 marasa suna, kuma a 2025 masu bincike na Senegal sun fara tono a wurin don a san su wa ke ciki da yadda suka mutu. Wasu ƴan'uwa abin ya yi musu nauyi, muna kuma fahimtarsu, domin alfarmar mamaci kamar ta mai rai ce, ba a buɗe kabari don son ganin ƙwaf. Amma malamai sun yi rangwame inda akwai larura ko haƙƙin wani da ba ya fitowa sai da hakan. Jabiru ɗan Abdullahi ya tono mahaifinsa bayan wata 6 da yaƙin Uhudu ya sake masa kabari shi kaɗai, don ransa bai kwanta da yadda aka haɗa shi da wani ba. Inda aka yi shekara 80 ana musun adadi, takardun kuma suna hannun wanda ake ƙara, ƙasusuwan su ne shaidun da suka rage. Sharaɗi dai a taɓa su da ladabi, a mayar da su da sutura, kada su zama abin nuni ga masu yawon kallo.

Mu a nan ba sai mun tona ƙasa ba, namu tonon a bakin tsofaffi yake, su kuma suna ta tafiya. Kowane masallacin Juma'a yana iya ajiye littafi guda. A bi gida-gida a tambaya: wa aka ɗauka soja daga gidan nan a zamanin Nasara, wace shekara ko zamanin wane sarki, ya dawo ko bai dawo ba? A rubuta da ajami ko da boko, duk wanda ya samu. A garuruwan da ayarin 1899 ya ratsa, a rubuta har da waɗanda aka kashe da waɗanda aka kora, gwargwadon abin da jikoki suka riƙe. Ma'aikatar tsaron Faransa ta zuba katunan mamatanta na yaƙin farko a intanet, a wani shafi mai suna Mémoire des hommes, fiye da miliyan ɗaya, har da na sojojin Afirka, kowane kati da wurin haihuwa da ranar mutuwa. Yaranmu masu Faransanci suna iya dubawa, sai dai su yi haƙuri da rubutun, don magatakardan bariki yadda kunnensa ya ji yake rubutawa: Mamman ya koma Mamane, Yusufu ya koma Issoufou, wani ma sunan garinsu aka sa masa a madadin na ubansa. Wanda ya dace ya sami sunan kakansa, ya kwafo shi da ranar da wurin, ya kawo wa liman a shigar cikin littafin, a kuma ambace shi cikin addu'a ranar Juma'a.